Saboda Angulu!

Dakoro ta sake kama tun bayan tafiyar Ɗayyabu. Filin da suke buga balo suna yara ya cika da butik-butik na masu sayar da salula. Tsohuwar nan mai tuyar masa a bakin otogar, tashar mota, ta rasu, jikarta ce a kan tanda yanzu, masar kuwa ta ƙanƙance. Kabu-kabu sun fi jakuna yawa. Gawon ƙofar gidansu an sare shi, wai rassansa suna taɓa wayar kuran, wato lantarki. Abokansa na lise, makarantar sakandare, wasu sun yi teɓa, wasu sun tafi Aljeriya shiru ba labari. Bayan gari kuma karnuka sun yi yawa, da rana tsaka ma garke-garke suke yawo.

Duk wannan bai dame shi ba kamar rufin mahauta. Da can in ka bi ta wurin da hantsi, angulaye ne jere a kan kwanon, sun sunkuyar da kai kamar tsofaffin da suka zo zaman makoki. Yanzu kwanon fayau yake, ko ɗaya babu. Ya tambayi mahautan, kowanne sai ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Kai, haka ne fa!" Ba wanda ya lura da ranar da suka daina zuwa.

Abu ɗaya ne bai sake ba, ita ce Kyauta, ɗiyar Alhaji Abarci mai hatsi. Ya bar ta tana koleji, ya dawo ya tarar da ita metires tana koyar da yara a lakol, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta saurari kowa ba sai shi.

Washegarin isowarsa yana zaune a tsakar gida, mahaifiyarsa Inna Dela tana dama masa fura, sai Baba Tanimu ya yi sallama. Ƙanen mahaifinsa ne, shi ya riƙe gidan tun rasuwar uban. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce:

— To, ɗan Yamai! Shekara da shekaru kana iniversite, har anka ce ka ƙetara wata ƙasa. Yau dai ka gaya mini da Hausa, mi ka karanto?

— Ilimin kare halittun daji, Baba. Dabbobi, tsuntsaye, itatuwa, yadda za a yi kada su ƙare.

— Kare su daga wa?

Ɗayyabu ya yi ɗan murmushi.

— Daga mu, Baba.

— Madalla! To wane aiki shika badawa, karatun kare daji daga mutane?

— Ayyuka da dama. Cikin 'yan ajinmu akwai wanda ya sa kaki, yana gandun daji. Akwai mai koyarwa a lise. Wata tana aiki da ƙungiyar da ke kula da raƙuman dawa. Akwai kuma mai kabu-kabu a Yamai, diplom ɗinsa na cikin akwati.

— Kai fa? Kaki ko kabu-kabu?

— Ni bincike nake. Wata furoje, ƙungiya mai aikin kare daji, ta ɗauke ni istaj, aikin gwaji, a nan arewa da mu, har na fara. In aikin ya yi kyau za su riƙe ni.

— Binciken mi?

— Angulu.

Ludayin Inna Dela ya tsaya cak a cikin ƙwarya.

— Angulu? Angulu dai wagga mai cin mushe? Ɗayyabu, don girman Allah kar ka ce haka gidan Alhaji Abarci! Ka ce tsuntsaye. Ka ce ma jimina!

Baba Tanimu ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

Da la'asar Ɗayyabu ya je zance. Kyauta ta fito da tabarma, ta shimfiɗa a inuwar katanga, ta zauna nesa kaɗan tana wasa da bakin hijabinta.

— Sannu da zuwa, mai angulaye. Ni da nake ce wa ƙawayena likita zan aura!

— Ai likitar ce nake bi, Kyauta. Dabba ta mutu da cuta, kafin ƙuda da karnuka su kawo cutar cikin gari, angulu ta share wurin tas. Ba ta karɓar albashi, ba ta kuma yajin aiki kamar ku 'yan lakol.

— Iye! Daga dawowa har ka fara? Bon, na ji. Amma ka sani, in muka yi aure takalman dajin nan naka a zaure za su riƙa kwana.

— Ni fa?

— Kai sai na yi shawara.

Suka yi dariya. Da zai tashi ta sassauta murya ta ce babanta yana son ganinsa ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ran Juma'a ya shiga zauren Alhaji Abarci ba takalmi, ya durƙusa can gefe, kansa a ƙasa, kamar yadda ake yi gaban suruki. Idrisa, yayan Kyauta, yana tsugune gaban murhu yana haɗa shayi. Dillali ne a kara, kasuwar dabbobi, kuma kowa ya san yana yawan ƙetara iyaka da kaya iri-iri. Bayan gaisuwa mai tsawo Alhaji ya gyara zama ya ce:

— An ce mini angulu kaka bi. To ai sun ƙare, yaro.

— Da saura, Alhaji.

— Ina?

Ɗayyabu ya tuna makaranta. Darasin farko da malaminsu ya ba su ke nan ranar da suka fara fita daji: wurin sheƙa ba a faɗa wa kowa, ko uwar da ta haife ka. Akwai masu sayen kan angulu da ƙafafunta a ƙetaren iyaka don haɗa magani, su ne suka share ta daga garuruwa. Ya san wannan sarai. Amma ta yaya mutum zai dubi uban yarinyar da yake nema ya ce masa ba zan faɗa ba?

— Can dai arewa, Alhaji.

— Arewa da faɗi take. Ko sirri ne da ba a gaya ma surukai?

Idrisa ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi, ya yi dariya.

— Baba, bar shi. Babu su ne. Kuɗin Nasara kawai ake ci, a zauna inuwa a rubuta an ga tsuntsu.

Maganar ta soki Ɗayyabu. Tun da ya dawo kowa dariya yake yi wa karatunsa, ga shi yau an ce ma ƙarya ne. Bakinsa ya buɗe kafin hankalinsa ya iso. Ya ce in ka wuce kwarin Tarka akwai rijiyar wani dattijo Ba'abzine mai suna Rhissa, gabas da ita akwai manyan aduwoyi, a kansu sheƙunan suke. Ya ce ba irin na mahauta ba ne, manyan daji ne masu jan kai, in ɗaya ta buɗe fukafuki ta fi tsawon mutum. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, yanzu haka ma suna kwance a kai. Ya yi ta zuba, don karon farko ke nan da wani a Dakoro ya saurare shi bai katse shi ba.

Alhaji ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ba da sa'a. Idrisa da kansa ya miƙo masa kofi na biyu, har da cewa, "Sha, ango."

Ba a jima ba aka sa rana. Ɗayyabu ya tafi Maraɗi wani taron furoje, ya ɗan daɗe. Ranar da ya dawo ya tarar da unguwar su Kyauta ta kaure da guɗa. Kamiyo ne ya tsaya a ƙofar Alhaji, ana sauke gado na formika mai madubi, da armuwar ta ajiye tufafi, da kujerun salo, da kuloli har ba su ƙirguwa. Aka ce duk Idrisa ne ya yi wa ƙanwarsa. Inna Dela ta je kallo ta dawo baki har kunne.

— Ɗayyabu, ka ga gado kuwa? Ko matar ferefe mai mulkin gari sai haka! Allah shi yi ma Idrisa albarka, ya hidda ƙanwarshi kunya.

Da sassafe ya hau moton furoje, wato babur, ya nufi rijiyar Rhissa. Wari ne ya fara tarbarsa tun kafin ya hango aduwoyin. Ya kashe moto ya ƙarasa da ƙafa. Mushen jaki ne a fili, an farke cikinsa an barbaɗa guba. Kewaye da shi angulaye ne zube, fukafukai a baje, ba kai, ba ƙafa. Can gefe ga dila biyu sun sandare. Ya ɗaga madubin hangen nesa ya duba saman itatuwan. Sheƙa bayan sheƙa, ƙwai ne kwance a rana ba uwa. A ɗaya ma an riga an ƙyanƙyashe, ɗan ya bushe bakinsa a buɗe.

Ya zauna a rairayi.

Nan Rhissa ya same shi. Dattijon ya sauko daga raƙumi, ya ja rawaninsa ya rufe hanci, idanunsa jajur.

— Malam Ɗayyabu, wane irin magani ne wanga ka aiko? Har karena ya mutu.

— Ni na aiko?

— Surukinka ya zo da mutum biyu. Ya ce kai ka turo shi, a sa ma tsuntsaye maganin rigakafi cikin nama. Ai na ga kun taɓa aje musu nama kun kama su kun sa musu zobe a ƙafa, sai na ce irin aikinku ne. Ni na nuna mishi itatuwan da hannuna. Har shayi na yi musu.

Ɗayyabu ya sa kai cikin gwiwa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa.

Daga daji bai biya gida ba, kara ya wuce. Ya sami Idrisa yana duba haƙoran wani bijimi, ya ja shi gefe.

— Idrisa, me na yi maka?

— Ni? Lahiya?

— Daga rijiyar Rhissa nake.

Idrisa ya kakkaɓe hannu, ko a jikinsa.

— To sai me? Tsuntsun da ko cinsa ba a yi? Kai kana zaune kana ƙirga su kamar ka ga shanun ubanka, alhali ga masu nema da kuɗi a hannu. Ka ga gadon nan da aka sauke jiya? Ka ga armuwar? Daga ina kake tsammani suka fito? A kansa za ka kwana, ango! Ka ce mini mersi ka wuce.

— Da sunana ka je.

— Da sunan wa zan je, na liman?

Ɗayyabu ya dube shi sama da ƙasa. Ya juya ya tafi kafin ya yi abin da zai sa a taru.

Dole ya kai rahoton abin da ya gani buro, ofishin gandun daji, don aikinsa ne. Shef ɗin ya saurara, ya buga tebur, ya ce ai ba sai an wahala ba, mai rijiyar za a ɗauko, shi ne a wurin, shi ya san itatuwan. Ya dubi Ɗayyabu ya ce ko yana zargin wani dabam? Ɗayyabu ya ce a ba shi zuwa gobe.

A gida Inna Dela ta ji labari ta dafe ƙirji.

— Ka ce ba ka san wanda ya yi ba! Shi ke nan, magana ta mutu.

— Inna, tsohon nan za su kama. Bai san komai ba.

— Su kama shi su sake shi mana! Mutumin daji ne, wa ya san shi? Kai kuwa aurenka saura kaɗan. Yarinyar nan ta jira ka har ƙannenta sunka yi aure sunka haihu. Za ka kai yayanta kaso saboda angulu?

Baba Tanimu bai yi dariya ba wannan karon.

— Ɗayyabu, ni na kai goron nan gidan Alhaji da ƙafata. In ka kunyata ni, ka kunyata kabarin ubanka. Tsuntsu ya mutu ya mutu. Maganarka za ta tashe shi?

— Ba za ta tashe shi ba, Baba.

— To rufe bakinka!

— Rufe bakin ne ban yi ba tun farko, shi ya kawo wannan.

Da yamma ya je wurin Kyauta. Ta fito da fara'arta, hannunta da sabon lalle na gwaji, tana ganin fuskarsa fara'ar ta ɗauke. Ya gaya mata komai, bai rage ba, har da inda gadon ya fito. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

— Ɗayyabu, ka san shekarun da na yi ina jin habaici a garin nan? An ce ka yi mata a Yamai. An ce na tsufa. Duk na haɗiye. Yanzu da ya rage kaɗan, sai ka zo mini da tsuntsu?

— Ba tsuntsu kaɗai ba ne, Kyauta. Akwai tsoho da za a ɗaure.

— In ka faɗi sunan Idrisa, Baba ba zai ba ka ni ba. Ka sani?

— Na sani.

— In ba ka faɗa ba fa?

— Za a ɗaura mana aure. A kai ki ɗakina da gadon nan. Kullum in na kwanta a kansa in tuna Rhissa yana kaso a kan laifin da bakina ya jawo. Ban san irin mijin da zan zame miki ba bayan haka.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

— Yayana ne. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ba zan ce maka ka yi ba! Ba kuma zan ce kar ka yi ba. Tashi ka tafi, don Allah.

Ta naɗe tabarmar tun bai gama miƙewa ba.

Da safe ya koma buro ya faɗi sunan Idrisa, ya kuma faɗi a bakin wa Idrisa ya ji wurin. Ranar kasuwa jandarmomi suka ɗauke Idrisa daga tsakiyar kara, jama'a na kallo. Kafin magariba Alhaji Abarci ya aiko da duk abin da aka kai gidansa na neman aure, har da goron da ya fara bushewa. Ɗan aiken ya ajiye a ƙofa ya ce, Alhaji ya ce a gaya wa yaron ya je angulu ta ba shi ɗiya.

Inna Dela ta kwanta ciwo. Baba Tanimu ya daina shigowa gidan. In Ɗayyabu ya bi ta kasuwa sai ya ji ana cewa, "Ga shi nan, wanda ya ɗaure surukinsa." Wani ya tambaya, "A kan me?" A amsa da dariya, "Saboda angulu!" Masu kabu-kabu in sun wuce shi sai su buɗe hannuwa kamar fukafuki.

Ya ɗauka aƙalla aikinsa zai tsira. Ina! Daraktar furoje ta kira shi Maraɗi, ta ce ta yaba da gaskiyarsa, amma aikin da suka yi shekaru suna yi a wurin ya mutu a rana ɗaya, kuma daga bakinsa. Ba sheƙa, ba abin bincike, ba istaj. Ya dawo Dakoro ba mata, ba aiki, da diplom a akwati kamar abokinsa na Yamai.

Rani ya wuce, damina ta sauka. Ya riƙa zuwa gonar gidansu yana noma, yana barin 'yan tohon sabara da kalgo yana rage musu rassa maimakon ya tumɓuke, maƙwabta na cewa karatun ne ya taɓa masa kai. Garin ya ƙuntace masa. Sau da yawa yakan je otogar ya zauna yana kallon motoci suna tashi, ya rasa abin da ya hana shi shiga ɗaya. A gaskiya ya san Kyauta ce ta hana shi, faɗin hakan ne ba ya so.

Daga Kyauta ko saƙon gaisuwa bai samu ba. Ya kira salularta sau ɗaya, ta ɗauka ta ce, "Baba ya hana," ta kashe. Labarinta sai a bakin Inna Dela, in ta dawo daga suna ko biki. An ce kayan ɗakin suna nan jibge cikin ledarsu, ta ce ko hannu ba za ta sa musu ba. An ce duk Juma'a ita ke dafa abinci ta kai wa Idrisa gidan kaso da kanta, shi kuma ya karɓa ba ya ko kallonta. An ce manema sun yi ta zuwa, har da wani kwastan mai mota, takan fito ta gaishe su da ladabi ta ce su yi haƙuri. Alhaji ya ce shi ba ya yi wa ɗiya dole, amma yaron can, har abada ba zai ba shi ita ba. Ta ce, "To, Baba." Ya ce sai ta tsufa a ɗakin uwarta. Ta ce, "To, Baba." Ta je lakol, ta dawo, ta kai masa ruwan alwala, ta wanke masa tufafi, tana ramewa kamar ana zare ta.

Inna Dela, wadda da farko ta fi kowa jin haushin ɗanta, wata rana ta dawo ta zauna ta yi tagumi.

— Na ga yarinyar nan yau a bakin famfo. Wallahi sai da na ɓoye fuskata. Ɗayyabu, kai ka yi gaskiyarka, amma ita ce ke biya.

 Ya san haka ne.

Bayan an cire amfanin gona aka sako Idrisa. Ya dawo baƙi wuluk, ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa shi da Ɗayyabu sai a lahira. A cikin kwanakin ne kuma daraktar nan ta kira. Ta ce suna buɗe sabon aiki can arewa maso gabas, bakin hamada, wurin barewa da sauran angulayen da suka rage. Wuri ne mai wuya, ba rezon salula, ba kuran, mota sai an yi sa'a. Suna neman wanda mafarauta ba za su iya saye ba, ta kuma tuna da mutumin da ya faɗi sunan surukinsa. Ya ce ya karɓa, tun ba ta gama bayani ba.

Labarin tafiyarsa ya zaga gari. Sai ga aike daga Alhaji Abarci, yana neman Baba Tanimu da yaron.

Suka shiga zauren nan dai. Ba shayi, ba murhu. Alhaji ya tsufa a 'yan watannin nan, gemunsa ya yi fari. Bai dubi Ɗayyabu ba, Baba Tanimu ya fuskanta.

— Tanimu, kar ka zaci na yahe. Ban yahe ba. Wanga yaro ya sa an ja ɗana a ƙasa gaban kasuwa. Amma ɗiyata ta gajiyar da ni. Da ta yi mini rashin kunya, da ta gudu, da ta ɗaga mini murya ko sau ɗaya, da na san yadda zan yi da ita. To ba ta yi ba. "To, Baba. To, Baba." Kullum ina kallonta tana ƙarewa a gabana. Ni na haife ta, ba ni iya binne ta da raina.

Ya ja tasbaha.

— Kuma ni na tambaye shi wurin nan da bakina, a nan inda kake zaune. Ban san abin da Idrisa ya ƙulla ba, amma ni na tambaya. Ku zo ran Juma'a a ɗaura. Ba kiɗa, ba taro. Kayan ɗaki kuwa ta ce ba ta so, ni ma ba ni yin wasu. Ta tahi haka nan, garin ya gani.

Ɗayyabu ya buɗe baki zai yi godiya, Alhaji ya ɗaga hannu.

— Kai, yi shiru. Maganarka ta ishe ni.

Haka aka ɗaura auren, mutanen da suka halarta ba su cika tabarma biyu ba. Idrisa ya bar gari tun asuba don kada ya gani. Aka kawo amarya da katifa ɗaya, da tukwane, da akwatin tufafinta. Matan unguwa suka zo ganin ɗaki kamar yadda aka saba, suka tsaya a bakin ƙofa suna kallon bango tsirara, suna taɓa juna. Wata ta ce, "Ɗiyar Alhaji guda!" Kyauta tana lulluɓe tana jin su, ba ta motsa ba. Inna Dela ce ta fito ta ce wadda ta gama kallo ga hanya nan.

Masu karatu, haƙurin Kyauta ya ba ta mijin da take so ba tare da ta saɓa wa mahaifinta ba, gaskiyar Ɗayyabu kuma ta hana a ɗaure bawan Allah da bai ci ba bai sha ba. Amma kada wani ya ce muku haƙuri yana mayar da komai. Bai mayar mata da yayanta ba, bai mayar wa Alhaji da fara'arsa ba, aduwoyin Rhissa kuma har yau ba abin da ke sauka a kansu. Amanar da aka ba ka a wurin aiki amana ce ko a gaban wa kake durƙushe. Kunyar suruki da son a yaba maka na ɗan lokaci ne, abin da suke jawowa kuwa wasu ne ke ɗaukarsa shekara da shekaru.

Ko mako biyu ba su cika ba ranar tafiya ta zo. Ita ba za ta bi shi ba sai lakol ta tashi, in an yarda an mayar da ita can, in ma akwai lakol a can. Da hantsi yana durƙushe a tsakar ɗakin yana cusa kaya cikin sak, jakarsa ta tafiya, tana zaune a bakin katifa tana ɗaure masa garin gero da dabino da cuku a cikin leda.

— Wannan in ka dama da ruwa zai riƙe ka yini guda. Kar ka ba kowa, na san halinka.

— To, madam.

— Ba wasa nake ba.

Ya ɗago ya dube ta. Idanunta sun cika, amma muryarta ba ta rawa.

— Ɗayyabu, kowa a garin nan yabona yake, wai na iya jira. Na jira ka kana karatu, na jira Baba ya huce, ga shi zan sake. Ni ban taɓa son in iya ba. Ka ji ko? Ka dawo tun ban saba ba.

 A waje motar furoje ta yi oda, Inna Dela ta ɗaga murya tana cewa mutane na jira. Ya karɓi ledar daga hannunta, ya sa a saman kayan, ya ja igiyar sak ɗin ya ɗaure.